Ɗige-ɗigen Kan Inna

Mahaifiyata man gashi take sayarwa a kasuwar Adjamé da ke Abidjan, kuma ita kanta ba ta da gashi. Yau ina iya rubuta wannan haka kawai. Da tana raye da na sha mari.

Teburinta yana cikin layukan nan na bayan Mairie, wato ofishin magajin gari, tsakanin wata 'yar ƙabilar Jula mai sabulu da wani dattijo mai gyaran agogo. Da hannunta take haɗa man: man shanu da 'yan kasuwar Kano ke kawo mata a galan, man kaɗanya, kanumfari, ɗan garin lalle, da wani turare da ba ta taɓa faɗa wa kowa sunansa ba, har ni. Tun da Baba ya rasu a farkon shekarun casa'in, da man nan ta riƙe mu. Da shi na yi makarantar Faransanci, har na samu aikin ofis a wani kamfanin fito da kaya kusa da tashar jiragen ruwa, na yi aure a Treichville.

Kullum akwai jelar kitso guda mai kauri da ke leƙowa ta ƙasan ɗankwalinta, ta kwanta mata a wuya. Gashin kanti ne. Ni nake ɗaura mata shi a ɗan abin da ya rage mata a ƙeya. In mai saye ta tsaya tana juya kwalba tana cewa, "Hajiya, pomad ɗin nan yana aiki kuwa?" Inna ba ta cewa uffan. Sai dai ta kai hannu ta gyara zaman jelar, ta ci gaba da lissafin ƙudajen da ke wucewa. Mai saye ta ɗauki kwalba biyu.

"Ni dai ban taɓa yi wa kowa ƙarya ba," haka take ce min. "Kin taɓa jin na buɗe baki?"

Ta goshi gashin ya fara tafiya, kuma abu uku ne suka jawo. Kitson da ake ja mata tun tana yarinya har idonta ya ɗage, tiren da ta yi shekaru tana ɗauka kafin ta samu tebur, da wani man miƙar da gashi da ta shafa sau ɗaya tak ya ƙone ta. Kowace shekara goshin yana ƙara ja baya, har ya haɗe da tsakiyar kai. Ranar Lahadi da hantsi take sa sakata, ta saki labule, ta zauna a tsakanin ƙafafuna. Madubin ɗakin kuwa fuskarsa na kallon bango. Ina shafa mata man nata a fatar da ke sheƙi, ita da ni mun san babu abin da zai tsiro, kuma ba mu taɓa cewa haka ba. Ko bayan na yi aure ban fasa ba. Duk Lahadi sai na tsallaka gada na zo.

Gidan haya ne irin namu na Abidjan, wanda muke kira kur: tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, ƙofofi a jere kowa na kallon kowa. Ƙofar da ke manne da ta Inna ta wata tsohuwa ce da muke kira Gwaggo, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Ita ke wankan gawar matan Hausawa na unguwar. Ƙawar Inna ce, tare suke zuwa masallaci da azumi, kuma duk wata sai ta sayi kwalba ɗaya.

Wata rana sun je ta'aziyyar wata mai abinci da ta rasu. Inna ta dawo ba ta ci komai ba. Da Lahadi ta zo na zauna ina ɗaura jela, sai ta ce wai a wurin zaman makoki ta ji mata biyu a bayanta suna raɗa, cewa ashe haƙoran marigayiyar duk na sawa ne, an gani wajen wanka.

Na ce, "Ai Gwaggo ba ta magana."

"Gwaggo ba ta magana. Ita kaɗai ke shiga? Akwai mai zuba ruwa, akwai mai riƙe zane. Kuma in an gama sai an raba gashi gida uku an kitse. Me za su raba?"

"Inna, don Allah bar wannan zancen. Kina nan garau."

Amma daga ranar maganar ta zauna mata. Matar da ta yi shekara da shekaru tana ɓoye kanta ga masu rai, yanzu abin da ke hana ta sakewa shi ne ranar da za a kwance mata ɗankwali ba ta da hannun da za ta riƙe shi.

Ana haka ɗan ƙanin Baba ya zo hutun sallah daga Faransa. Yaron nan tun bai yi aure ba sanƙo ya cinye masa kai, mun sha tsokanarsa. Sai ga shi ya cire hula a tsakar gida, kai baƙi wuluk kamar wanda wanzami ya aske shekaranjiya. Mata suka taso kowa na son taɓawa. Yana dariya yana cewa, "Ba gashi ba ne, wallahi. C'est des points. Ɗigo ne, da allura ake yi, tawada ce ƙanana ƙanana." Ya ce a wani shago aka yi masa can, zama bayan zama, kuma kafin su taɓa shi sai da suka tambaye shi cututtukan da yake da su.

Inna ba ta taɓa kan ba. Daga bakin ƙofarta ta tsaya tana kallo. Da yamma ta kira shi ɗaki ta ba shi fura, ta yi masa tambayoyi wai don wata ƙawarta.

Na san ƙawar. Na shiga wani shagon intanet kusa da babban masallacin Treichville na zauna na karanta abin da na samu da Faransanci. Abin da na fahimta shi ne aikin kansa ba wani abin tsoro ba ne in an yi shi yadda ya kamata: allura sabuwa, tawadar da aka yi don fatar kai, da hannun da ya san iya zurfin da zai tsaya. Amma mai ciwon suga, ko wanda fatarsa ke tashi in ya ji rauni, ya fara ganin likita. Bayan an yi kuma a bar kan ya sha iska na wasu kwanaki, ba ruwa, ba mai, ba abin da zai matse shi. Inna tana da suga tun kafin aurena.

Na gaya mata duka. Ta ce, "Sugan a jini yake. Me ya haɗa shi da fatar kai?"

Na ce malamai ma ba sa son zanen jiki da tawada.

"Kakata da zane a haɓarta ta yi sallah har ta mutu. Ni kuma ba don kwalliya zan yi ba. Su dai buɗe su ga baƙi, su ce aski ta yi don zafi."

Ashe har ta samo mai yi. Wata mata ce a bayan Black Market da ke yi wa 'yan mata zanen gira da ɗan inji. Ba Bahaushiya ba ce, ba Musulma ba ce, ba ta san kowa a kur ɗinmu ba, kuma wannan shi ne dukan abin da Inna ta bincika a kanta. Ta ce min, "Ko ki raka ni, ko in tafi ni kaɗai." Na raka ta.

Ɗakin yana saman wani bene, ana hawa ta tsakanin masu sayar da wayoyi da tsofaffin rediyo. Matar tana da fara'a, girarta biyu sun koma shuɗi shuɗi. Na tambaye ta ko ta taɓa yi wa wani a ka. Ta ce gira da kai ai duk fata ce. "Y a pas drap, maman," ta ce wa Inna, wato ba matsala. In faɗi gaskiya, allurar a gabanmu ta yage ledarta, kuma ta sa safar hannu. Tawadar dai ta gira ce, ita ce kawai take da ita.

Inna ta kwance mayafi, ta kwance ɗankwali, ta zare hular saƙa da ke ƙasa. Ban taɓa ganin ta yi haka a gaban wani mahaluƙi ba in ba ni ba. Injin ya fara ƙugi. Tun safe ake yi har aka kira azahar aka idar. Inna ba ta ce wash ba ko sau ɗaya, carbinta kawai take ja. Ni ina zaune a kan benci ina kallon audugar da ake jefawa a kwando, fari da ja da baƙi. Ba na jin tsoro a lokacin, ba na jin komai. Yunwa nake ji.

Da aka gama matar ta maimaita abin da na karanta. Kada a rufe, kada ruwa ya taɓa, kada a shafa komai. Inna ta ce to. Ta ɗauki hular saƙa ta sa, ta ɗaura ɗankwali ta ja shi tamau, ta yafa mayafi, duk kafin mu kai bakin matakala. Muka shiga gbaka, ƙaramar motar hayar nan da ake cusa mutane kamar buhu, rana tana dukan kwano, gumi yana bin wuyanta. Na ce ta sassauta ko kaɗan. Ta harare ni.

A gida ta ɗauki buta ta yi alwala, ta shafi kai da ruwa gaba da baya yadda ta saba. Na ce ai mai rauni yana da sauƙi a addini, a tambaya a ji.

"In tambayi wane malamin? Ya ce Hajiya me ya same ki a ka?"

Sannan ta buɗe kwalbar manta ta lakato ta shafa. Na yi magana, ta ce shekara nawa tana gaya wa mutane man nan yana gyara kai, yau kuma ita ce za ta guje shi. Ban tuna mata cewa ba ta taɓa buɗe baki ba.

Lahadin farko abin ya yi kyau, wannan kam ba zan ɓoye ba. Ta sa sakata, ta kwance kai, sannan ta tashi da kanta ta juyo da madubin. Ta daɗe a tsaye. Ta juya hagu, ta juya dama, ta yi wata 'yar dariya da ban san tana da ita ba. Ta ce, "Ke, kamar an yi min askin suna." Ranar har shinkafa ta ƙara.

Lahadi ta biyu tsakiyar kan ta kumbura. Ɗige-ɗigen suka fara narkewa suna shiga juna, baƙin ya juye ya zama shuɗi mai duhu irin na girar matar. A daidai inda ƙullin ɗankwali ke dannewa wani wuri ya buɗe yana ruwa. Hular saƙar sai an jiƙa ta take fita. Inna ta ƙara yawan turaren wuta a ɗakin.

Asibitin da ke kusa ta ce ba za ta ba, 'yar mai sabulu tana aikin jinya a can. Na ce mu je wani, ta ce maza ne. Sai da zazzaɓi ya kwantar da ita na samu na ja ta zuwa wani ƙaramin asibiti a Treichville inda likitar mace ce. Likitar ta duba, ta auna suga, ta kalle ni kamar ni na riƙe allurar. Ta ce raunin yana son wanki kullum da hannun wani, don mai shi ba ta ganin wurin, kuma yana son iska. Ta rubuta magani.

Maganin Inna ta sha, ba ta yi gardama ba. Iska ce ba ta bayar ba. A kur irin namu ko fita zubar da ruwa sai an gan ka, ɗakin kuma yara da maƙwabta suna faɗowa ba sallama. Wankin kullum kuwa, ni ina da aiki da miji da goyo a ƙetaren gada. Ina zuwa bayan kwana biyu ko uku in na samu hali, sauran ranakun ita take lalube da auduga. Na ce ta dawo wurina, ta ce gidan da uwar mijina take, banɗaki ɗaya? Na ce to a gaya wa Gwaggo, ga ta nan ƙofa da ƙofa. Ta ce in na kuskura ba ta yafe ba.

Haka raunin ya yi ta rufewa yana buɗewa wata da watanni. Ta rame. Tana zuwa tebur, jelar tana nan a wuyanta, ana saye. Wata Lahadi ina tsaka da goge mata wurin ta kama hannuna ta baya, ba ta juyo ba.

"Ke za ki wanke ni. Ke kaɗai. Ruwan ma ke za ki zuba wa kanki. Da fari sanƙo ne kawai, yanzu dubi abin da za su gani."

Na ce to. Ta ce in faɗa da kyau. Na ce na yi alkawari. Ta sa Gwaggo ta koya min wankan, wai don lada, kuma na koya.

A farkon 2011 gari ya rikice da faɗan bayan zaɓe. Wanda ya zauna a Abidjan a lokacin ya sani, wanda bai zauna ba kuma ba na jin zan iya ba shi labari. Shingaye a kowace kwana, gbaka ta daina fita, kantunan magani a rufe. Maganin sugan Inna ya ƙare. Ina kiranta ta wayar maƙwabta, ta ce tana lafiya, in kula da yarinya. Lahadi ta wuce ban je ba, wata ma ta wuce.

Da safe aka kira ni. Muryar Gwaggo ce. Ta ce, "'Yar nan, sai haƙuri. Innarki ta cika ɗazu. Zazzaɓin ne ya dawo."

Na ce, "Kada a taɓa ta. Ina zuwa. Gwaggo, kada kowa ya taɓa ta."

Ta ce zafi ake yi, kuma liman ya ce a kai ta kafin azahar tun hanyar maƙabarta tana biyuwa. Na sake cewa ina zuwa, na kashe wayar.

Da ƙafa muka fita ni da mijina. A bakin gada aka tsayar da mu tare da wasu mutane masu yawa, aka ce ba wucewa. Na faɗa da Faransanci, na faɗa da Julanci, uwata ce ta rasu. Wani yaro mai bindiga ya ce min yako, gaisuwar da ake yi wa wanda abu ya sama, sannan ya nuna min inda zan zauna. Na zauna a gefen titi. Igiyar takalmina ta tsinke, na yi ta ƙoƙarin ɗaure ta. Na ji kiran azahar daga masallacin bayanmu, na san abin da ake yi a Adjamé a daidai lokacin, kuma hawaye bai zo ba. Na jira shi, bai zo ba. Sai wajen la'asar suka gaji da mu suka ce mu wuce.

Na tarar da tabarmi a tsakar gida, mata a zazzaune, maza sun dawo tuni. Aka yi ta yi min gaisuwa ina amsawa. Ina duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya in ga ko akwai mai raɗa. Babu. Gwaggo ta kama hannuna ta shigar da ni ɗakin Inna ta tura ƙofa. Ƙasa da sauran danshi. Ta miƙo min ɗankwali a naɗe, na buɗe, jelar ce a ciki.

Na ce, "Su wa suka shiga?"

"Ni da mai zuba ruwa da mai riƙe zane. Yadda ake yi."

"Kun gani ke nan."

"Mun gani. Na kama ɗan na ƙeyar na raba uku, ya kitsu, kada ki damu."

Na ce ta roƙe su don Allah kada su faɗa. Na ce duk rayuwarta wannan kaɗai ta roƙa. Gwaggo ta dube ni, ta zauna a bakin gado, ta gyara zaninta.

"Su faɗa wa wa? 'Yar nan, tun Babanki yana raye muka sani. Wace mace ce jelarta ba ta tsawo, ba ta furfura, shekara ashirin? Wani watan ma har launinta yana canzawa."

"Duk kur ɗin nan?"

"Har layin kasuwa. Mai sabulu ma ta sani."

"Kuma kuna sayen man."

"To da me za ta ciyar da ku? Kuma yana da ƙamshi. Ni a ƙafa nake shafa shi, yana maganin faso."

Na tsaya riƙe da jelar. A waje wata tana tambaya ko a ɗora ruwan shayi. Gwaggo ta goge idonta da bakin mayafi, ni nawa a bushe suke.

Ta ce, "Ciwon ne ban sani ba. Shi kam sai yau na gan shi. Da kun gaya min, ai da ni zan riƙa wanke mata shi safe da yamma. Bango ɗaya ne tsakaninmu."